Ƙwayar da Wana Ya Kawo

Ranar Lahadin da ta wuce gari ya waye da laima, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har cikin ɗaki. Ina zaune bakin ƙofa ina tsince wake, sai wata mota mai lasifika ta biyo layinmu za ta kasuwar Jibiya. Mai maganar cikinta yana ta kwarara baki: maganin gajiya, bitamin mai gina jiki, na manoma da 'yan kabu-kabu da samari masu ɗaga ƙarfe, ka sha ɗaya ka wuni kana aiki. Matar ɗana ta yi dariya ta ce, "Iya, ko in sayo maki ki koma yarinya?" Faifan kawai na ajiye. Na taɓa jin maganar nan, kusan kalma da kalma, shekara hamsin ke nan ko kusa da haka, kuma ba daga bakin baƙo na ji ta ba.

Lokacin ina da aure a wani ɗan ƙauye na ƙasar Daddara. Sunana Dije. Maigidana sunansa Tanko, ko da yake yana raye ban taɓa kama sunan da bakina ba. Ba a daɗe da canza kuɗi daga fam zuwa naira ba, kuma mun fito daga fari na shekara biyu a jere. Rumbunanmu uku, duka an share su har ƙasa, kaji ma sun daina leƙawa. A birni kuwa aka ce kuɗin mai sun zo. Kullum motoci na wucewa ta titin Maraɗi maƙare da kaya, samari suna tsaye bakin hanya suna binsu da ido, daga nan sai ka ji wane ya tafi Kaduna aikin gini, wane ya tafi Ikko. Ƙannen maigidana biyu suka bi ayari. Gonakin gandu uku da mutum uku ke nomawa a da, suka dawo wuyan mutum ɗaya. Gayya ma ta mutu, don in ka kira ta, tsofaffi ne za su zo maka da tari.

Mu huɗu muka rage a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ɗiyata ta fari da ba ta daɗe da barin nono ba.

Sai ga damina ta faɗi da kyau, kamar tana neman gafara. Ruwan farko da ya sauka Inna ta fita tsakar gida ba ɗankwali, ta tsaya yana dukanta tana kuka. Muka yi shuka da ɗan irin da aka ɓoye cikin tulu aka liƙe bakinsa da laka. Gero ya tsiro reras. Amma ruwan da ya tsirar da gero shi ya tsirar da ciyawa, ita kuma ba ta jiran kowa.

Abin da muke ci a lokacin, jar dawa ce ta taimako, mai sa ciki kumburi, ita ma a tafin hannu ake aunawa. Da safe in dama kunu tsararo. In hantsi ya yi in goya yarinya in shiga bayan gari in tsinko tafasa da yaɗiya, in dafa, in kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu da gishiri da barkono. Abin da ya riƙe mu abu uku ne. Akwai wata jar akuya tawa da ta haihu a bazara, tana ba mu nono kusan cikin ƙaramar ƙwarya. Akwai zabi da suka fara ƙwai da saukar ruwa. Sai ɗan wake da Inna ta adana cikin toka. Nonon in raba biyu, rabi na yarinya, rabi in zuba wa maigida a kunu. Ƙwai biyu in dafa masa in ƙulle a gefen zane in kai gona. In ya ɓare, sai ya gutsira ya miƙo mini, in ce na ci a gida. Ya san ban ci ba.

Da wannan ya gama noman firi, wato cirar ciyawa ta farko, na gona ɗaya da rabi. Kafin ya kai ƙarshen ta biyu, ta farko ta sake rufewa. Mutum ne dogo, marar magana, wanda in ya kama hauya ba ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshen kuyya. Amma na fara ganin yana tsayawa a tsakiya, ya dafa ƙugu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Wata rana na kai abinci na tarar da shi zaune gindin gawo, hannuwansa bisa gwiwa suna karkarwa.

"Ƙarfin ne babu, Dije," ya ce. "Zuciya na so, jiki ya ƙiya."

A makon ne wana Iro ya zo.

Sai na faɗi ko wane ne Iro a wurina, in ba haka ba za a ce wauta ce ta ja ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ina da shekara shida mahaifinmu ya rasu, Iro ne ya riƙe ni. Shi ya goya ni a wuya ya kai ni wurin mai ɗori da na faɗo daga bisa kanya. Shi ya sayar da tinkiyarsa ya yi mini kayan ɗaki. Da aka fara hada-hadar kan iyaka ya shiga, yana kai kaya Maraɗi yana kawowa, har ya kafa rumfa kusa da shingen kwastan. Ranar nan ya zo bisa sabon babur, da agogo a hannu, yaran ƙauye na bin ƙurarsa. Na ji kamar ubana ne ya dawo.

Ya dubi maigida sama da ƙasa, ya girgiza kai. "Tanko, haka ka koma? Ana zamanin ilimi kana kashe kanka?"

Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya zazzage ƙwayoyi farare ƙanana a tafinsa.

"Wanga sunanshi bitamin. Daga ƙasar Faransa yake zuwa. Nama ne da madara da ƙwai Turawa suka matse suka cire amfanin, suka zubar da dusar. Ƙwaya ɗaya daidai take da ka ci kaza guda. Shi sojoji ke sha, shi 'yan kokowar Nijar ke sha, shi masu tseren gudu ke sha. Ka haɗiya da safe, ka manta da gajiya."

Maigida ya dubi ƙwayar bai taɓa ba. "Ni ban saba haɗiyar abin da ban san shi ba."

Ni ce na yi magana. Har yau in na rufe ido ina jin muryata. Na ce, "Haba malam. Yayana ne fa. Zai ba ka abin da zai cuce ka?"

Ya dube ni, ya dubi Iro, ya miƙa hannu.

Na tambayi Iro abin da za mu ba shi. Ya yi dariya ya ce tsakaninmu babu wannan, in dai riƙa tara masa ƙwan zabi, yana da masu so a bakin iyaka. "Ai shi ba ya buƙatarsu yanzu," in ji shi. "Ga ƙwai nan cikin kwalba."

Kwana ukun farko sai da na yi zaton Allah ne ya dube mu. Maigida ya fita tun rana ba ta fito ba, bai ɗaga kai ba sai da ta faɗi. Gonar da za ta ci kwana bakwai ya share ta a uku. Masu wucewa suna tsayawa bakin gona suna kallo. Gumi na zuba daga jikinsa kamar an kwara masa tulu, shi kuwa har waƙa yake yi, mutumin da tun da na aure shi ban taɓa jin ya rera ko baiti ba. In ya dawo gida sai surutu, zai sayi garma ta shanu, zai sa rufin kwano, zai kira ƙannensa su dawo.

Kunun da nake kai masa kuwa sai ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Ya ce ba ya jin yunwa. Allah ya yafe mini, murna na yi. Na ce lallai kazar nan tana cikin ƙwayar, ga shi hatsi ya fara auki. Yarinya ta samu ƙari, Inna ta samu ƙari, ni ma na fara ƙoshi.

Inna ce ta fara tsarguwa. Muna surfe wata safiya ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ɗiyata, ni dai ban gane ba. Wane irin abinci ne wanga da ke hana mutum cin abinci, ya hana shi barci? Dibi wuyanshi."

Na duba. Ƙasusuwan wuyansa sun fito, idanunsa sun faɗa suna wani irin ƙyalli, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage a tsakiyar damina. Amma gero ya kai gwiwa, kore shar, babu ciyawa ko ɗaya, sai na ce mata aiki ne, in an gama maimai, wato noma na biyu, zai murmure.

Labari ya bazu. Iro ya riƙa zuwa duk mako, ba gidanmu kaɗai ba. In ya tsaya a dandali sai ya ce, "Ku je ku dibi gonar surukina, sannan ku zo mu yi magana." Magidanta da yawa suka karɓa, wani da kaza, wani da wake.

Ƙwaya ɗaya ta daina isar maigida, ya koma biyu, daga nan uku. Wani mako ruwa ya cika rafi, Iro bai samu ƙetarowa ba, ƙwaya ta ƙare. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Maigida ya kasa tashi daga tabarma. Ya kwanta ya juya fuska bango, hawaye na bin kuncinsa ba tare da an yi masa komai ba. Inna ta leƙa ta ce ya daure ya sha kunu, ya daka mata tsawar da sai da yarinya ta fashe da kuka. Mahaifiyarsa. Mutumin da ba ya zama bisa kujera in tana tsaye.

Da Iro ya iso na tare shi a zaure na gaya masa. Ya ce, "Kin gani ko? Jikinshi ya san abin kirki, shi ya sa yake nema. Kada a sake bari ta yanke." Ya ce akwai babbar kwalba da za ta kai har girbi, amma tana da wuyar samu, sai dai in zan ba da akuyar.

Na ce, "Yaya, nonon yarinya fa?"

"Yarinya ta isa cin tuwo. In mijinki ya faɗi, wa zai ciyar da ita?"

Ni na kwance ta da hannuna. Aka ɗaure ta bayan babur, tana kuka, ɗanta na bin su har bakin gari.

Malka ta kama. Kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, katangar bayan gida ta zube, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido a madafa. A kwana na biyar rana ta buɗe da wani irin zafi mai tururi, irin wanda ƙasa ke huci kamar tukunya. Maigida ya ɗauki galma ya ce zai yi huɗar dawa kafin ƙasa ta sha iska. Na ga ya watsa ƙwaya a baki, ban ƙirga ba.

Da rana ta take na kai masa ruwa. Ban hango shi ba. Na yi sallama, shiru, sai kukan kurciya. Na bi kuyyar da ya huɗa, sabuwar ƙasa baƙa tana ɗumi a ƙafata, har na iske galmar a kafe. Shi yana gaba kaɗan, rub da ciki tsakanin kunya biyu, fuskarsa cikin laka. Na juya shi. Jikinsa zafi kamar dutsen guga, ba gumi ko ɗigo, ƙirjinsa na bugawa da sauri har ina gani ta cikin riga, ya buga ya buga ya tsaya, ya sake kamawa.

Ihuna ya jawo wasu Maguzawa da ke noma a ƙetaren hanya. Su suka ɗora shi bisa jaki zuwa bakin titi, wata motar hatsi ta ɗauke mu zuwa Jibiya.

A ɗan asibitin akwai wani ma'aikaci, Malam Yohana, mutumin wajen Farfaru, dattijo mai sanyin magana. Shi ya sa aka jiƙa zannuwa aka lulluɓe maigida, ya ɗaura masa ruwa a hannu. Da abin ya ɗan lafa ya kira ni gefe ya tambaye ni me yake ci.

Na ce, "Ba ya cin komai sosai, amma yana shan bitamin." Da alfahari na faɗa, don ya san ba mu yi sakaci ba. Na kwance gefen zane na nuna masa sauran ƙwayoyin.

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hasken taga. Ya yi ajiyar zuciya.

"Wa ya ce maki bitamin ne?"

"Yayana."

"Wagga ita ce direbobin manyan motoci ke sha don kada barci ya ɗauke su. Babu nama cikinta, babu madara, babu komai da jiki zai ci. Kin san yadda ake yi wa jaki in ya gaji, a yi ta tsikararshi da tsinke ya yi ta tafiya? To ita ke nan. Gajiyar tana nan, ji ne kawai ba ya yi. Na ga irinshi a damanar nan ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Ya buɗe wani gwangwani ya nuna mini wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. "Ga bitamin na gaskiya, zan ba shi. Amma ko shi ɗan taimako ne, ba ya zama tuwo. Mai aikin ƙarfi abin da yake so wake ne, da nono, da ƙwai, da ganye, da barci. Kuna da akuya? Kuna da kaji ko zabi?"

Na tsaya ina kallon bakinsa yana lissafa mini abubuwan da na kwashe da hannuna na bayar.

Duk da haka ban zargi Iro ba. Wallahi ban zarge shi ba. Abin da ya zo mini shi ne an cuci yayana, wani a Maraɗi ya yi masa ƙarya, kuma ga shi yana ta raba wa mutane. Washegari da hantsi Inna ta iso, na bar ta wurin maigida, na kama hanyar bakin iyaka a ƙasa don in gaya masa tun bai jawo wa kansa ba.

Wurin cike yake da motoci jere, warin mai, masu canjin sefa, masu tuyar ƙosai. Na same shi a rumfarsa bisa benci da wasu direbobi biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, malam na asibiti, jiya ya faɗi a gona. An ce ƙwayar nan ba bitamin ba ce. An ce ta direbobi ce."

Na zaci zai zabura ya yi salati. Sai ya waiga ya dubi direbobin, ya sunkuyo ya ce, "Rage murya."

Nan na gane. Ban buƙaci wani ya ƙara mini komai ba.

"Ka sani," na ce.

"Nawa yake sha? Ni ɗaya na ce. In mutum ya yi haɗama laifina ne?"

"Ka ce nama ne da madara."

"To mi zan ce? In na ce ta direbobi ce zai sha? Ke da bakinki kika ce ciyawa za ta cinye ku. Yanzu je ki dibi gonarku, akwai irinta a ƙasar Daddara?"

"Kai kana sha, Yaya?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Ni noma nike?"

Ɗaya daga cikin direbobin ya sunkuyar da kai ya tashi ya bar wurin. A lokacin ne na ji kukan da na sani. Na leƙa bayan rumfar. Jar akuyata ce ɗaure a turke, an zuba mata harawa, hantsarta a tatse. Ga ƙwarya a gefen bencinsa da sauran nono, ga ɓawon ƙwan zabi a ƙasa. Ya ga inda nake kallo, ya ce wai likita a Maraɗi ya ce masa ya riƙa shan nono da ƙwai, jikinsa na so.

Na zagaya na kwance igiyar. Ƙullin ya ƙi, na sa haƙori.

"Dije, mi kike yi haka? Mutane na kallo."

Na ja akuyata na ratsa tsakanin motoci, ina tafe ina kuka, ita tana bina tana nata. Bai biyo ni ba. A gindin wata bishiyar bedi a harabar asibiti na ɗaure ta, da yamma na tatsi abin da ya taru na ba maigida da cokali.

Ya rayu. Amma Malam Yohana ya ce zuciyar ta taɓu, kuma gaskiya ya faɗa. Makonnin farko na barin ƙwayar sun fi ciwon wuya, ya yi ta barci kamar ba zai farka ba, in ya farka ya zauna shiru ba ya son ganin kowa. A hankali ya dawo mutumin da na sani, sai dai bai sake wuni da galma a hannu ba. In ya yi kuyya biyu sai haki. Gero kuwa ya yi kyan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ni da Inna da matan maƙwabta da mutanen nan da suka ɗauke shi bisa jaki muka girbe. Yana zaune gindin gawo yana tufka igiyar ɗaurin dami, yana kallon wasu na yanke abin da ya noma. Rumbuna uku suka cika har baka. Ban taɓa cin tuwon da ya yi mini ɗaci kamar na shekarar ba.

Sau ɗaya na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ke mi kika yi? Kin yarda da ɗan'uwanki. In ba ki yarda da shi ba, da wa za ki yarda?" Bai sake tayar da maganar ba. Shekara shida ya ƙara, muka samu ɗa namiji, wanda nake zaune gidansa yanzu. Wata safiya da kaka ya sunkuya zai ɗauki buta, bai ɗago ba.

Iro kuwa Allah ya buɗa masa. Ya bar ƙwaya ya koma hatsi da mai, ya sayi manyan motoci, ya je Makka. Duk tsawon shekarun nan bai taka gidanmu ba, sai ranar addu'ar ukun maigida. Ya zo da mota da buhun shinkafa. Ina cikin ɗaki, zana ce kawai tsakanina da inda maza ke zaune, na ji ana yabon mamaci, wani ya tuno damanar da ya noma gona uku shi kaɗai. Sai na ji muryar wana, a natse, yana cewa, "Allah ya jiƙan shi. Ai shekarar nan ni na tsaya mashi. Ba don ni ba da ba su ga ko dami ɗaya ba." Mutane suka ce Allah ya saka masa da alheri.

Da aka shafa fatiha ya shigo ciki yi mini gaisuwa. Ya tsuguna bakin ƙofa ya ce, "Dije, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai Ma'aiki, Alhaji. An gode da tattaki."

Ya ce, "Ni ne Alhaji yau? Ba Yaya ba?"

Na ce, "Ba ka je Makka ba?"

Ya daɗe a tsugune yana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya shekara ashirin da wani abu bayan nan, muna haɗuwa wurin suna da biki da rasuwa, ina gaishe shi yana amsawa. Har ya koma ga Allah da sunan nan nake kiransa, kamar yadda kowa a kasuwa ke yi.